Kada Ka Yaga Masa Littafi

Ɗana, ina roƙon Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, daga Karare zuwa Ruma, daga Batsari zuwa Safana, Ya mayar da manomi gonarsa, Ya mayar da ɗalibi ajinsa.

Wani ƙorafi ne da na sha ji a bakin iyaye ya sa na ɗauki alƙalami. Uba zai zauna a majalisa ya ce yaronsa ya lalace da zane. An sayo masa littafin rubutu, kafin mako ya zagayo ya cika gefen kowane shafi da wasu 'yan mutane masu ƙafafun tsinke. Ka ajiye waya ka tayar da salla, kafin ka sallame ya yi awon gaba da ita, ya shige bayan rumbu yana kallon katun. Yanzu kuma ya tsiro da sabon fi'ili, wai shi ma nasa katun ɗin zai yi, a sa masa wata manhaja. Yaro na zane, uba na neman tsumagiyar da zai zane shi. Idan kana cikin irin waɗannan iyaye, ajiye tsumagiyar tukuna ka ba ni aron hankalinka. Da laifina zan fara, don kada ka ce tsoho yana wa'azin abin da bai taɓa shafarsa ba.

Shekaru masu yawa da suka wuce ina koyarwa a wata firamare a nan yankin namu. Wata rana ina tsakiyar darasin lissafi sai na hangi yara uku a bencin baya sun haɗa kai, kafaɗunsu na rawa don dariyar da suke dannewa. Na lallaɓa ta bayansu. Wani yaro ne siriri, marar yawan magana, ya kama kusurwar littafinsa da babban yatsa yana sakin shafuka, fir-fir-fir. A kusurwar kowane shafi ya zana jaki da mai jaki a kai. Da shafukan suka zubo da sauri, sai ga jaki ya sunkuyar da kai, ya ɗaga ƙafafun baya, ya yi tutsu, mai jaki ya yi sama, hularsa ta fi shi yin sama, ya dawo ƙasa tim, can sai ga hular ta sauko a kan jakin. Wallahi dariya ta zo mini har maƙogwaro. Amma ni malami ne, ga bulala a hannu, ga aji ya zuba ido. Na haɗiye dariyar, na fizge littafin, na yage kusurwar nan gaba ɗaya, na watsar ta taga. Yaron bai yi kuka ba. Ya dai bi guntayen takardar da kallo har iska ta kwashe su. Har ya gama aji shida ban ƙara ganin ya zana ko da'ira ba. Yau shekaruna sun ja, na manta sunayen ɗalibai da yawa da na yi wa bulala, amma kallon nan da yaron ya bi takarda da shi bai bar ni ba.

Abin da ban gane ba a ranar shi ne, yaron nan, ba malami ba littafi, ya tono asirin da duk wani fim na duniya ya tsaya a kansa. In aka jera hotuna masu kama da juna, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa, aka wuce da su da sauri a gaban ido, sai ƙwaƙwalwa ta ɗinke su ta ga motsi. Fim ɗin silima hoto 24 ne ke wucewa a cikin daƙiƙa ɗaya. Masu zanen hannu sukan rage wa kansu wahala su yi zane 12 a daƙiƙa. To, yi lissafi da kanka. Motsin daƙiƙa 10 yana cin zane 120. Minti ɗaya cur, zane 720. Yaron da kake cewa ba ya iya zama wuri ɗaya, shi ne zai duƙufa ya zana abu guda sau 120, yana matsar da ƙafa kaɗan-kaɗan, don kawai ya ga jaki ya yi tutsu na daƙiƙa 10. Mai ɗinkin hula ya san irin wannan haƙurin, mai saƙar tabarma ma ya san shi. Ba halin malalaci ba ne.

Kada kuma wani ya ce maka wannan sana'ar Turawa ce ko ta 'yan birni masu na'ura. Haye iyaka ka shiga Nijar ka tambayi labarin Moustapha Alassane, wanda mu za mu kira Mustafa Alhassan. An haife shi a 1942, kuma da kanikanci ya fara neman abinci. Tun yana matashi yake haɗa wa mutane wasan inuwa, ya yanka surori, ya haska su da fitila, jama'a su taru suna kallo. Daga nan ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai ɗaukar fim a Yamai, har ya kai ga zuwa Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren, ɗaya daga cikin gwanayen zane mai motsi na duniya. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim da ya zana da hannu, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa, ana ta fareti da bushe-bushe, habaici ne ga sababbin shugabannin Afirka na lokacin. Yana da wani fim mai suna Kokoa, wato kokowa dai tamu ta gargajiya, inda ya haɗa 'yan tsanar kwaɗi da hawainiya da sauran halittu a fagen kokowa. A Tawa ya yi zamansa na ƙarshe, ya buɗe masaukin baƙi, ya mayar da wani sashensa ɗakin aiki. Ya rasu a 2015, kuma duk inda ake tarihin zane mai motsi a Afirka, sunansa na sahun farko. Mutumin nan da fitila da almakashi ya fara. Wayar da ke aljihunka yanzu ta fi duk kayan aikin da ya mallaka a ƙuruciyarsa ƙarfi.

Saboda haka nasihata ta farko ita ce kada ka fara da kashe kuɗi. Tun ran gini tun ran zane. Sayo masa littafi guda mai arha da fensir, ka ce wannan na zane ne, na makaranta kuma amana ne, ba a taɓa shi. Da wannan kaɗai ka kashe rigimar gefen shafi. Ka ce ya fara da ƙwallo, ta faɗo daga sama, ta bugi ƙasa, ta ɗan baje, ta sake tashi. Da wannan darasin makarantun sana'ar suke fara wa ɗalibansu, domin a cikinsa ake gane nauyi da sauri: zanen da aka jera kusa da juna motsi ne a hankali, wanda aka ba tazara motsi ne da gudu. In ya cika littafi biyu ko uku bai gaji ba, sha'awar ta gaske ce. In ya watsar bayan kwana uku, ka yi asarar littafi guda ne, ba ka sayar da akuya ba.

Mataki na biyu wayar gida ce, ko Tecno ce, ko Itel, ko Infinix, muddin mai shafawa ce kuma tana da ɗan fili a cikinta. Manhajoji biyu zan ambata maka. Ta farko FlipaClip. Ita dai littafin nan ne na ɗalibina aka mayar cikin waya: yaro zai yi zane da yatsa a shafi, ya buɗe sabon shafi, sai ya riƙa hango inuwar zanen baya a dishi-dishi, don ya san inda zai ɗora na gaba. Masu sana'ar suna kiran wannan ɓawon albasa, saboda yadda ake gani ta cikinsa. Yana iya sa murya, ya mayar da aikin bidiyo. Ana sauke ta kyauta, sai dai ta kyautar tana da iyaka, takan nuna talla, takan kuma buga tambarinta a jikin bidiyon. Duk wannan ba ya hana mai koyo komai. Ta biyu Stop Motion Studio, ita kuma ba zane ake yi ba. Abu ake ajiyewa a ɗauki hotonsa, a ɗan matsar da shi a sake ɗauka, har hotunan su taru su zama motsi.

Wannan ta biyun na ga aikinta a tsakar gidana. Jikata, 'yar shekara 11, ta kwaɓa laka ta gina shanun huɗa biyu da garma, irin dai waɗanda kai ma ka gina kana yaro a bakin rafi. Ta cika gwangwanin madara da yashi ta jingina waya a jikinsa, ta shimfiɗa faifai ta barbaɗa ƙasa a kai, ta ce gona ce. Sai ta matsar da shanun kamar faɗin ƙwayar masara, ta janye hannu, ta danna. Ta sake matsarwa, ta ja ɗan layi a bayan garma da tsinke, ta danna. Ta kai hoto wajen 40 sai ƙanenta ya zo da gudu ya yi tuntuɓe da gwangwanin. Waya ta goce, gona ta karkace, aiki ya tashi a banza. Ta yi kuka har da majina. Washegari ta sake, wannan karon ta kafa wa gwangwanin duwatsu, ta kuma ba ƙanen aikin dannawa don kada ya sake yi mata ɓarna. Da aka kalla sai aka ga haske yana rawa, don ta fara da hantsi ta gama da azahar, inuwa ta juya. Rana ta uku ta koma cikin zaure inda haske ba ya canzawa. Hoto 60, daƙiƙa 5. Ta kai wa kakarta. Tsohuwa ta ga shanun laka suna tafiya, garma na tsaga ƙasa a bayansu, ta ja da baya ta ce, "A'uzu billahi! Ke 'yar nan, me kika sa musu?" Muka yi ta dariya. A kwana ukun nan yarinyar ta koyi cewa 60 a raba 12 biyar ne, ta koyi tafiyar rana da inuwa, ta koyi yadda ake mayar da mai ɓarna abokin aiki. Ban biya ko sisin kwabo ba, ban da cajin waya.

Na kawo maka labarin jikata da gangan. Kada ka ce wannan harka ta 'ya'ya maza ce. Yarinyar da ke zana lalle a hannun ƙawarta, layi bai karkace ba, ta riga ta mallaki hannun da sana'ar ke nema. Kuma aiki ne da ake yi a cikin gida, a gaban uwa, ba sai an fita ko'ina ba.

Mu nan mun san abin da ɗan birni bai sani ba game da waya. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana, muka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Ko ba a katse ba, sabis ɗinmu sai an hau tudu, wuta kuwa sai wurin mai caji ko ɗan faifan sola. Don haka duk manhajar da za ka sa wa yaro, ka zaɓi wadda in an sauke ta sau ɗaya za ta yi aiki ba intanet. Waɗannan biyun da na ambata suna yi. Ranar da ka shiga Batsari ko Katsina ko Dutsinma, inda sabis ke da ƙarfi, ka sauke su da hannunka daga Play Store. Kada ka aiki yaro da waya wurin masu turi ya ce a zuba masa, domin tare da abin da ya nema za a iya zuba masa abin da ba ka so idonsa ya gani. Bayan an sauke, ka kashe data. Ka huta da talla, ka huta da kuɗin data, ka kuma huta da fargabar inda yatsansa zai kai shi.

Ka yi hattara da masu cin kasuwa da burin iyaye. Za ka ga ana tallar kwas a waya, wai a biya kaza yaro ya zama gwani cikin mako biyu. Zane 720 bai san mako biyu ba. Za a ce maka sai ka sayi babbar kwamfuta, ko sai wata manhaja mai tsada wadda ake biya duk wata, ko a kawo maka ta sata wadda aka fasa, mai ɗauke da cutar da za ta lalata na'ura. Duk ba ka bukatarsu. Kada kuma ka ɗaura katin bankinka a wayar da yaro ke riƙewa, don dannawa ɗaya cikin rashin sani tana iya jawo cirar kuɗi duk wata.

In Allah Ya hore, yaro ya shekara yana abu ɗaya bai sake ba, sannan a yi maganar kwamfuta, kuma tsohuwa ta hannu ta wadatar. A nan ma kayan aikin kyauta ne, halal, masu su ne suka sake su don kowa ya amfana. Pencil2D ƙarama ce, marar nauyi, tsohuwar kwamfuta na ɗaukarta, ta dace da mai fara zanen hannu. Krita ta fi ta kayan fenti da launi. Akwai Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don yara 'yan shekara 8 zuwa 16. A cikinta yaro yana jera umarni kamar yana jera tubali, ya ce wa surar ta yi taku goma, ta juya, ta yi magana, da haka yana wasa yana koyon yadda ake rubuta manhaja. Tana da wadda ake saukewa a yi aiki ba intanet, kuma akwai Hausa a jerin harsunanta. Can gaba akwai OpenToonz, wadda aka sake kyauta a 2016, daga zuriyar manhajar da kamfanin Ghibli na Japan ya yi aiki da ita. Sai babbar yaya, Blender, wadda take kyauta tun 2002, amma tana son kwamfuta mai ƙarfi da yaron da ya riga ya nuna. Kada ka raina ta don ba a biya. A watan Maris na 2025, fim ɗin da ya ci kyautar Oscar ta zane mai motsi shi ne Flow, labarin wata kyanwa da ambaliya ta raba da gida, babu maganar ɗan Adam ko ɗaya a cikinsa, kuma da Blender aka yi shi. Wanda ya shirya shi, Gints Zilbalodis, ɗan Latbiya ne, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, alhali Jihar Katsina tun a ƙidayar 2006 ta haura miliyan 5. Ya kayar da manyan kamfanonin Amurka da kayan aikin da ɗanka ma zai iya saukewa.

Na san akwai abin da ke ci maka rai wanda ba ka furta ba, wato hukuncin zana abu mai rai. Tambaya ce ta mai tsoron Allah, kuma ina yaba maka da ita. Akwai hadisai masu tsanani a kan masu yin surori. Akwai kuma hadisin da ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma da shi ne malamai da yawa suka yi sassauci a kan kayan wasan yara da na koyarwa. Tashi ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa, ka nuna masa ainihin abin da yaron ke yi, ka bi abin da ya gaya maka. Ko da ya tsananta, ƙofa ba ta rufe ba. Yaro na iya motsa haruffa su haɗu su zama kalma don ƙannensa su koyi karatu. Yana iya nuna ƙwayar gero tun daga shuka har ta fitar da zangarniya, ko hadari yana haɗuwa, ko yadda ruwa ke cin gona in babu itace, ko motar kara tana hawan tudu. Fagen da faɗi.

Amma fa goyon baya ba sakaci ba ne. Icen da ba a yi wa shinge ba, awaki ke cinye shi. Ka yanka masa lokaci sananne, misali bayan la'asar in an dawo Islamiyya, kuma sai an gama aikin makaranta da aiken gida. Da damina gona ce gaba. In an kira salla a kife waya. A tsakar gida ko a zaure za a yi aikin, inda kowa ke wucewa, ba a ƙuryar ɗaki cikin dare ba. Ka bambance masa kallo da yi: awa guda yana haɗa nasa ta fi awa biyar yana haɗiyar na wasu. Kada ka buɗe masa shafi a TikTok ko Facebook, su kansu kamfanonin sun ce sai ɗan shekara 13, kai kuma kana da ikon ƙara masa wasu shekarun a kai. In akwai abin da ya isa a nuna wa dangi, kai za ka tura da hannunka. Sannan ga wata magana da ta shafe mu mu kaɗai: ka gargaɗe shi kada ya ɗauki hoton garke, ko rumbu, ko ƙofar gida, ko hanyoyin shiga gari ya sa a bidiyo. A wannan zamani ba ka san hannun da abu zai faɗa ba. Faifai da bangon zaure sun ishe shi fage.

Wata rana za ka leƙa littafinsa ka ga babura, kowanne da mutum uku, da bindigogi, da mutane suna gudu. Gabanka zai faɗi. Kada ka daka masa tsawa. Yaran da suka tashi a gefen dajin Rugu a waɗannan shekaru sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, sun kwana a daji, sun ji labarin ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar 2020, kuma yawancinsu ba su da bakin faɗa. Abin da baki ya kasa, hannu ke fitarwa. Zauna kusa da shi ka tambaye shi, "Wannan wane ne? Daga nan sai me ya faru?" Ka bar shi ya kai labarin ƙarshe. Sannan a hankali ka ja shi zuwa wasu labaran. Ka tura shi wurin kakarsa ta ba shi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ya ɗauki muryarta a waya ya ɗora a kan zanensa. Ka ba shi labarin kakanninsa na ƙasar Ruma, da yadda ake sussukar gero, da yadda kasuwa ke ci. Yaranmu sun haddace fim ɗin Kiriku, wanda Bafaranshe Michel Ocelot ya fitar a 1998 daga tatsuniyoyin Afirka ta Yamma. Wani ya zo ya ɗebi ruwan rijiyarmu ya sayar mana, mun kuma saya da murna don ruwan da daɗi. Gizo kuwa yana nan zaune, yana jiran wanda zai ba shi ƙafafu.

Za ka tambaye ni, to wannan abin zai ciyar da shi? Ba zan yi maka alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Cikin yara goma masu sha'awar zane, ba duka ne za su mayar da shi sana'a ba, kuma ko a Legas masu wannan aiki suna kukan jari da wuta. Amma hanyar tana buɗewa a idonmu. Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino a Abuja don yaran Afirka su ga masu kama da su a allo, kuma shirin ya tsallaka ƙasashe. A Disambar 2020 aka nuna Lady Buckit and the Motley Mopsters a gidajen silima, dogon fim na zane mai motsi da aka yi a Nijeriya. A 2024 kamfanin Disney ya fitar da Iwájú tare da kamfanin Kugali na wasu matasan Afirka, labarin Legas ta gobe. Masu jin Hausa miliyoyi ne, ga tashoshi irin su Arewa24, ga Kannywood, ga 'yan kasuwa masu son talla, ga ma'aikatan lafiya masu son a bayyana wa uwa amfanin rigakafi cikin minti ɗaya, ga malaman makaranta. Duk suna bukatar mai wannan hannu wanda ya san yadda Bahaushe ke zama, da yadda yake dariya. In yaro ya riƙe karatunsa, ga Jami'ar Tarayya a Dutsinma nan kusa da mu, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Hassan Usman a Katsina masu koyar da ilimin kwamfuta, ga sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya mai daɗaɗɗen suna. Ka gaya masa ƙofar waɗannan wurare da sakamakon jarrabawa ake buɗe ta, don ya san lissafi da Turanci ba abokan gabar zanensa ba ne. In kuma ƙarshenta noma ya riƙe, ko kasuwa, ko koyarwa, to ka samu manomi mai haƙuri da lura, wanda ya saba fara abu ya kai shi ƙarshe. Wannan ma riba ce.

Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, shi ya sa ragamar take hannunka. Amma ni na taɓa tsayawa a kan yaro, ina babba, ina malami, ya riƙe abu a hannunsa ban gan shi ba sai bayan shekara talatin.

Don haka yau, in an yi sallar isha'i an ci tuwo, kira shi. Ka ce, "Kawo littafin nan naka in gani." Zai tsorata, zai ɗauka duka ne, wataƙila ma ya ce ya ɓata. Ka kwantar masa da hankali har ya kawo. Ka haska fitila, ka kama kusurwar da babban yatsa kamar yadda zai nuna maka, ka saki shafukan. In abin dariya ne, ka yi dariyar da ni na haɗiye. Sannan ka tambaye shi me zai zana gobe.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa su fi mu.